Yadda Ake Dafa Shinkafa da Wake Ta Fito Wara-Wara

Shinkafa da wake tukunya ɗaya suke shiga, amma ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Ita shinkafa minti 20 zuwa 25 ya ishe ta, shi kuwa wake yakan ci minti 40 zuwa awa guda, tsoho ma ya fi haka. Kusan duk matsalar wannan girki daga nan take tasowa: ko shinkafa ta caɓe wake na nan da ƙarfinsa, ko waken ya narke abinci ya koma kamar fate. Saboda haka abu biyu uwargida za ta sa wa ido, lokacin da za ta zuba shinkafa, da yawan ruwan da ke cikin tukunya a daidai wannan lokacin. Sauran aikin mai sauƙi ne.

Awon da za mu bi na mutum 4 zuwa 5 ne. Shinkafa kofi 2, wake kofi 1, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, albasa manya 2, man gyaɗa ko manja rabin kofi, kanwa ɗan gutsure kamar girman ƙwayar wake ɗaya ko biyu, sai yaji. Kofin da muke nufi mai cin mililita 250 ne, amma ko gwangwani ne ko ƙaramin kwano duk ɗaya ne, in dai da shi za ki auna shinkafar da waken da ruwan. Kada ƙanƙantar kofi ɗaya na wake ta ruɗe ki, in ya dahu yana kumbura ya ninka biyu har da ɗoriya. Masu son wake da yawa su sa kofi 1 da rabi. In ya zo daidai wa daida da shinkafa, abincin zai yi nauyi a ciki, kuma da wuya ya fito wara-wara.

Waken tukuna

Fari ko ja, duk suna yi. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne shekarunsa. Waken da ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi da laima, yakan yi taurin da ba ya jin wuta, ki kwashe awa biyu kina ƙara ruwa yana nan jiya i yau. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma gas da gawayi ba su san wannan karin magana ba. Sabon wake fatarsa santsi take da ɗan sheƙi, tsoho kuwa ya dusashe, wani ya tamuke. Kada ki gauraya ragowar tsoho da sabo a tukunya ɗaya, domin sabon zai narke tun tsohon bai fara laushi ba.

Ki baza shi a faranti mai faɗi ki tsince tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙwayoyin da suka yi baƙi ko ƙwaro ya huda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a nan maganar a zahiri take: ruɓaɓɓen wake guda in ya shiga baki ɗacinsa zai sa mutum ya ajiye cokali. Bayan tsincewa ki zuba shi cikin ruwa mai yawa ki motsa da hannu. Duk wanda ya taso sama ki kwashe ki zubar, yawanci ƙwaro ya cinye cikinsa. Ki wanke sau biyu ko uku. Ki kuma shinshina shi tun yana bushe. Akwai masu zuba wa wake maganin ƙwari lokacin ajiya, in kin ji warin magani mai ƙarfi, wannan waken ba na ci ba ne, wanki da tafasa suna rage maganin ne kawai, ba sa fitar da shi duka.

Jiƙa wake ba dole ba ne, amma yana rage lokacin dahuwa kusan rabi. Awa 6 zuwa 8 a ruwan sanyi ya isa. A lokacin zafi kada ya wuce haka, in ba haka ba zai fara kumfa da tsami. In lokaci ya ƙure, ki tafasa shi minti 2, ki kashe wuta ki bar shi a rufe awa guda. Aibin jiƙaƙƙen wake ɗaya ne: fatarsa tana saurin saɓulewa, don haka ba ya son yawan juyi.

Ko kin jiƙa ko ba ki jiƙa ba, ki ɗora shi da ruwa kofi 4, ya tafasa minti 5 zuwa 10, ki juye a kwando ki zubar da wannan ruwan na farko, ki ɗauraye. Dalili kuwa, a cikin wake akwai wasu nau'o'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su ci su, su fitar da iska. Wannan ne kumburin ciki da ake ɗora wa wake laifinsa. Sukarin yana narkewa a ruwa, shi ya sa zubar da ruwan jiƙo da na tafasar farko ke rage damuwar.

Gargaɗi ɗaya ga mai amfani da jan waken nan na ƙasashen waje mai siffar ƙoda. Ba irinsu ɗaya da waken da muka saba da shi ba, kuma ɗanyensa yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa. Dole a jiƙa shi, a zubar da ruwan, sannan ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Dahuwarsa ma ta fi daɗewa, sai ki ba shi awa guda ko fiye.

Yanzu ki mayar da waken tukunya da sabon ruwa kofi 5, ki yanka rabin albasa a ciki. In ya tafaso ki rage wuta ya riƙa dahuwa a hankali. Tafasa mai bori tana farfasa fatar tun cikin bai nuna ba. Ki ɗan karkata murfin saboda kumfa, ko ki ɗiga cokali ɗaya na mai, kumfar za ta kwanta. In ruwa ya ja baya har waken ya fara leƙowa, ki ƙara ruwan zafi. Ruwan sanyi yana katse tafasar ya ja miki lokaci.

Kanwa, gishiri da tsami

Kanwa tana sassauta abin da ke riƙe da jikin wake, shi ya sa yake saurin laushi, kuma ita ke ba shinkafar wannan launi na ja-ja da mutane da yawa ke so. Sai dai ƙaramin abu ne ke raba amfaninta da ɓarnarta. In ta yi yawa waken zai narke, launin ya koma baƙi-baƙi, abincin ya yi ɗanɗano kamar na sabulu, ga shi tana lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken. Kada ki jefa ta a dunƙule. Ki jiƙa ta a ɗan ruwa, ta narke, yashin ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman ki zuba. In bakin-soda gare ki, kwatan ƙaramin cokali ya isa kofi ɗaya na wake. A ganinmu sabon wake ba ya buƙatar ko ɗaya, tsoho ne ke neman taimako. Haka kuma in ruwanku irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa ne, to yana ɗauke da ma'adinan da ke taurara wake, nan ma kanwa kaɗan za ta yi rana.

Mai son jan launi sosai ba sai ta ƙara kanwa ba. A Ghana, inda ake kiran wannan abinci waakye, sunan da ya samo asali daga kalmar wake, da busasshen ganyen jar dawa, wato karan dafi, ake rina shi. Ki wanke karan dafi biyu ko uku ki jefa su dahu tare da waken, ki cire kafin zuba shinkafa.

Ana yawan cewa gishiri na hana wake nuna. Ba gishiri ba ne mai laifin, tsami ne. Tumatir, lemon tsami, tsamiya, duk abin da ke da tsami in ya shiga tukunya kafin waken ya yi laushi, zai riƙe shi ya ƙi dahuwa. Gishiri kuwa kina iya sa rabinsa tun waken na rabin dahuwa don ya ratsa cikinsa, ragowar ki zuba tare da shinkafa.

Yaushe ake zuba shinkafa?

A nan girkin yake, kuma agogo ba zai gaya miki ba. Wanda ba a jiƙa ba ki fara duba shi bayan minti 30 da tafasa ta biyu, jiƙaƙƙe kuwa bayan minti 15. Ki ɗebo ƙwaya huɗu ko biyar da cokali, ba guda ɗaya ba, ki bari su ɗan huce, ki matse kowacce tsakanin babban yatsa da manuni. In ta tsage gida biyu, tsakiyarta fari fat kuma da ƙarfi, da saura. In ta murƙushe gaba ɗaya ta zama kamar ƙullu ba tare da kin matsa ba, kin ɗan makara. Abin da ake nema shi ne ta murƙushe in an matsa, amma ki ji ɗan tsayi kaɗan a tsakiya, fatar kuma tana nan a jikinta ba ta fashe ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba shinkafa waken na rabin dahuwa, da tunanin ai za su ƙarasa tare. Ba sa ƙarasawa. Da zarar shinkafa ta shiga, ita ke shanye ruwan, cikin minti 10 babu sauran ruwan da waken zai yi iyo a ciki, sai tururi. Tururin zai ƙarasa waken da ya kusa nuna, amma ba zai dafa mai tauri ba. Daga nan sai a shiga ƙara ruwa don ceton wake, shinkafa kuma ta mutu. In za ki yi kuskure, gara waken ya ɗan wuce da ya gaza.

Kafin lokacin ya yi ki gyara shinkafarki. In 'yar Hausa ce mai tsakuwa, ki rege ta a ƙwarya ko roba biyu, kina karkatawa a hankali shinkafar na bin ruwa tana zuba, tsakuwa da yashi suna zama a ƙasa. Ki maimaita har sai ba ki ga komai a gindin ƙwaryar ba. Kowace iri ce, ki wanke ta sau uku ko har ruwan ya daina fita fari. Wannan farin ruwan garin sitaci ne da ke jikin ƙwayoyin, shi ke sa su manne wa juna. Ki tsane ta a kwando.

Sai awon ruwa. Hanyar da ba ta kuskure ita ce ki juye ruwan waken a kwano, ki auna shi da kofinki, ki mayar da iya abin da ake buƙata. Shinkafar da aka guma tun kafin a casa ta, mai launin ɗorawa-ɗorawa, tana son ruwa kofi 4 a kan kofi 2 nata. Farar ɗanya mai laushi kofi 3 zuwa 3 da rabi. Basmati kofi 3, kuma minti 15 ya ishe ta, don haka waken ya kusa gama nuna sarai kafin ta shiga. In ruwan waken bai kai ba ki cika da ruwan zafi, in ya yi saura ki ajiye a gefe, zai yi amfani anjima. Masu awon ido sukan bar ruwa ya hau kan shinkafar da kamar gaɓa ɗaya ta yatsa. Yana yi a tukunya madaidaiciya, amma a mai faɗin gindi yakan yi yawa.

Ruwan ya kasance yana tafasa sannan ki zuba shinkafar. Ki sa ragowar gishiri, ki juya sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama don waken ya rarrabu, ki ɗanɗana ruwan. Gishirin ya ɗan fito kaɗan, amma ki tuna yajin ma da nasa gishirin. Daga nan ki ajiye ludayi. Yawan juyi yana farfasa wake, yana kuma fito da danƙon shinkafa.

Ki bar wuta madaidaiciya har ruwan ya ja, ki fara ganin 'yan ramuka a saman shinkafar tururi na fita ta cikinsu, wajen minti 10 ke nan. To sai ki rage wuta can ƙasa. In gawayi ne ki kwashe rabin garwashin, in itace ne ki janye shi ki bar rushin. Ki rufe da murfi mai kamawa, in yana sakin tururi ki shimfiɗa takardar foyil ko tsabtataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa, amma kada bakin ƙyallen ya sauko kusa da wuta. Leda ba abin rufe abinci mai zafi ba ce. Minti 12 zuwa 15 ba buɗewa. In kin sauke ki bar ta a rufe minti 10 kafin ki barbaza ta da cokali mai yatsu. Wannan hutun ne ke sa laimar ƙasa da ta sama su daidaita, ƙwayoyin su tsaya.

Akwai masu raba tukunya: su dafa wake ya nuna sarai, su tafasa shinkafa daban minti 10, su wanke su tsane, sannan su haɗa su turara da ruwa kamar kofi 1. Wannan hanya ta fi tabbas ga mai koyo da mai girkin taro, kuma shinkafar na fita fara tas. Abin da ake rasawa shi ne ɗanɗanon waken da ke shiga cikin shinkafar, wanda shi ne rabin daɗin abincin. Mai tukunyar matsi kuwa, minti 8 zuwa 10 bayan ta fara huci ya isa waken da ba a jiƙa ba, kuma kada a cika ta fiye da rabi saboda kumfa tana toshe mafitar tururi.

In abu ya ɓaci

Ruwa ya ƙare shinkafa da sauran tsayi: ki yayyafa ruwan zafi ko ragowar ruwan waken kwatan kofi, ki rufe, ki ba ta minti 5 a ƙaramar wuta. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. In kuma ruwa ne ya yi yawa shinkafar ta nuna, ki tsiyaye abin da zai tsiyayu, ki buɗe murfin ki bar ta a ƙaramar wuta minti 5, ko ki baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska. Wadda ta riga ta caɓe ba ta dawowa.

In kin ji ƙauri, kada ki kankare gindin tukunya. Ki sauke nan take, ki kwashe na sama zuwa wata tukunya ki bar ƙanzon a inda yake. Tukunya mai siririn gindi ita ta fi kamawa, kuma ruwan wake yana da kauri, ya fi ruwan zalla saurin ƙonewa.

Shinkafa ta nuna, wake da ƙarfi: wannan ita ce mai wuyar gyara. Abin da ya rage shi ne ki juye a madambaci ki turara minti 15 zuwa 20. Tururi ba ya caɓa shinkafa kamar yadda ƙarin ruwa zai yi, ko da yake waken ba zai yi laushin da ake so ba.

Mai da yaji

Garau-garau ba ta cika sai da su, kuma a nan ake gane hannun mai girki. Ki yanka albasa ɗaya da rabi siriri, ki zuba a mai tun bai yi zafi sosai ba, ki soya a matsakaiciyar wuta kina juyawa har ta yi ruwan zuma. Ki sauke kafin ta kai launin da kike so, domin zafin man zai ci gaba da soya ta, in ta yi baƙi man duka ya yi ɗaci. Manja yana buƙatar ya ɗan soyu gafinsa ya fita, amma kada ki bar shi yana hayaƙi har jansa ya gushe. Rabin man gyaɗa rabin manja ma haɗi ne mai kyau.

Yajin kuwa, busasshen barkono kofi 1 da aka cire wa hanci, ƙuli-ƙuli rabin kofi, busasshiyar citta ƙaramin cokali 1, masoro da kanumfari kaɗan, gishiri ƙaramin cokali 1, dunƙule 2. Ki shanya barkonon a rana ya yi ƙarau, in da sauran laima a jikinsa ba zai daku ba, zai dunƙule a turmi. Ki fara daka shi da gishirin, gishirin na taimaka masa ya yi laushi, ki ɗiga mai kaɗan don ƙurarsa ta kwanta ta rage atishawa. Sannan ki sa sauran kayan, ƙuli-ƙuli a ƙarshe, ki tankaɗe da rariya ki sake daka tsakin. Kanumfari kada ya wuce ƙwaya uku ko huɗu, ƙamshinsa yana danne komai.

Wajen zubawa, kowa ya sa mai da yajinsa da hannunsa. Cokali 2 na mai ya isa faranti ɗaya. A yanka tumatir, ɗanyar albasa, latas ko kabeji a kai, da soyayyen kifi ko dafaffen ƙwai in akwai. Ɗanyen tumatir ɗin ba ado ba ne kawai, bitamin C da ke cikinsa yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, gara a jinkirta shi.

In dafa-duka kike so da wannan awon, ki dafa waken daban har ya kai matakin da muka bayyana. A wata tukunya ki soya albasa da jajjagen attaruhu 3, tattasai 2 da tumatir 3 har ruwansu ya ƙone mai ya taso, ki sa daddawa da busasshen kifi, ki tsaida sanwa da ruwan waken da kika auna, ya tafasa, sannan shinkafa da wake su shiga tare. Kada ki zuba ɗanyen wake cikin ruwan jajjage, tsamin tumatir zai hana shi nuna.

Abin da ya rage a tukunya

Abinci mai wake yana saurin lalacewa, ita ma dafaffiyar shinkafa tana da nata haɗarin. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta fitar da guba, kuma ɗumame ba ya lalata gubar. Don haka kada ki bar ragowa a rufe cikin tukunya ta kwana. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri, cikin awa ɗaya zuwa biyu ta shiga firiji a mazubi mai murfi, ba tare da mai ko kayan lambu a kai ba, a cinye cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda babu firiji ko wuta ba ta tsayawa, a dafa iya cikin masu ci. Wajen ɗumame ki yayyafa ruwa cokali 2 ko 3, ki rufe a ƙaramar wuta har tururi ya ratsa tsakiyarta ta yi zafi ƙwarai, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta. In kin ji tsami ko kin ga tana yauƙi a jikin cokali, ki zubar.